Cikon Garka Kusa da Ginin Ƙasa

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ruwan sama ya fi na Gumel da Haɗeja yawa, ga duwatsu masu koro shi gangare, ga kogin Bunga a Gwaram. Saboda haka garka da yawa a bayan gida su kan kwana cikin ruwa a watan Agusta, kuɓewa da barkono su ruɓe. Sai maigida ya ce, bari ya cike wurin da ƙasa, ya ɗaga shi. Dabara ce mai kyau. Amma in da rumbu, ko ɗakin ajiya, ko ɗakin awaki a gefen garkar, to, ka dakata ka karanta wannan tukuna.

Ka sani ruwa ba ya ɓacewa don an cike masa wuri, kwari ya ke nema. Jiya garkarka ce kwarin. Yau ka ɗaga ta da ƙafa 1, sai ɗakin ya zama shi ne kwari, ruwan kuwa ya nufe shi. Wannan shi ne haɗari na fari.

Na biyu ya fi muni, domin ba a ganinsa. Bangon tubali ƙasa ce busasshiya, ƙarfinsa duka a bushewar ya ke. In ka jingina masa ƙasar garka, wadda ka ke yi wa ban ruwa safe da yamma, sai ya riƙa tsotson laima kamar yadda lagwani ya ke shan mai. Laimar ta hau, ta ɗauko gishirin ƙasa, yaɓen ya kumbura ya zube, gindin bango ya zaizaye, alhali samansa na nan da nauyinsa. Ran da aka kwana ana ruwa sai ya durƙusa. A ambaliyar 2022 gidajen ƙasa masu yawa sun rushe a Jihar Jigawa, ginin ƙasa kuwa daga gindi ya kan fara mutuwa. Ga kuma gara. Kakanninmu ba don ado su ke ɗora rumbu bisa duwatsu ba. In ciko ya binne duwatsun nan, ka shimfiɗa wa gara hanya har cikin dawarka. Ko bulon siminti ma yana shan laima, sai dai ya fi jimrewa.

To, ga yadda za ka yi. Ka bari sai bayan kaka, ƙasa ta bushe. Ka auna kamu 2, watau yadi 1, daga jikin bango, ka ja layi. Kada cikon ya ƙetare layin nan ko kaɗan. A kan layin ka jera duwatsu, manya a ƙasa, ka ɗan kishingiɗar da su wajen garka, don su tare cikon. Mutumin Birnin Kudu dai ba ya kukan rashin dutse. Tsakanin duwatsun da bango ka daɓe wurin da marmara, ya karkata daga bango, ka bar magudana a gindin duwatsun, mai gangara zuwa rariya. Inda indararo ya ke zuba ka ajiye faffaɗan dutse. Ƙasar waje ta kasance aƙalla inci 6 ƙasa da daɓen ɗaki.

Kafin ka zuba ciko, ka kankare baƙar ƙasar sama ka tara gefe, ita ce mai albarka. Sa'an nan ka zuba cikon inci 6, ka tattake, ka ƙara wani inci 6, kana ka mayar da baƙar ƙasar da taki. Ka sa fuskar garkar ta karkata nesa da ɗakin, kamar inci 6 cikin ƙafa 10. Aikin ba kaɗan ba ne. Garka mai tsawon ƙafa 20 da faɗin ƙafa 10, in za a ɗaga ta ƙafa 1, za ta ci kwanon sarki fiye da 300. Bayan damina ɗaya cikon zai zauna, sai ka ƙara.

Abu guda ya saura. Ka duba inda rariyarka ta ke kai ruwan. In bangon maƙwabcinka ne, ku je ku daidaita tun da rani, ku haƙa magudana guda zuwa kududdufi, kafin maganar ta kai gaban mai unguwa.