Masu haɗa ambulan a Area 10

Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, wasiƙar hannu ta ja da baya, masu sayen kan sarki a gidan waya na Area 10 da ke Garki suka ragu. Amma ambulan bai rasa kasuwa ba, domin Abuja garin takarda ne. Mai neman aiki a Sakatariyar Tarayya yana buƙatarsa, haka ɗan kwangila, haka uwar amarya mai rabon katin gayyata. A Area 10, inda masu ɗab'i suka yi sansani a kewayen rukunin shagunan UTC, ake samun masu haɗa shi da hannu.

Jarin ba shi da yawa. Mai hali ya sayi rim guda, falle 500. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi ragowar da injin yanka ya bari a wurin masu buga littattafai, da araha. Farar takarda ta ƙaramin ambulan ce, mai ruwan ƙasa ta babba, wanda ke ɗaukar takardun makaranta ba tare da an naɗe su ba. Sai a yanka samfuri a kwali, a ɗora shi kan takardu da dama, a zagaye da fensir, a bi da reza da rular ƙarfe. A lanƙwasa gefe biyu, sannan ƙasa, a murje kowane lanƙwasa da bayan cokali har ya kwanta.

Wurin shafa gam ake gane gwani. Wasu suna sayen na kanti, wasu suna dama sitacin rogo da ruwan zafi. In ya yi yawa takarda ta tattare, ko cikin ambulan ya manne, mai saye ya dawo da kaya. In ya yi kaɗan bakin ya buɗe a hanya. Da damina gam ba ya bushewa da wuri, dole a baza su ɗai-ɗai a kan tabarma. Da hunturu kuwa, kafin ka haɗa gefen ya riga ya bushe. Ina ganin wannan sanin yanayi shi ne rabin sana'ar, kuma sai an daɗe ana yi ake samunsa.

Ana sayarwa ɗari-ɗari ga masu shagon kayan rubutu da masu buga kati. Ribar guda ba ta taka kara ta karya ba, sai an tara. Aikin biki ya fi tsoka, saboda katin aure kan zo da girman da na kamfani bai dace da shi ba.

Yawancin takardar daga waje take zuwa, shi ya sa faɗuwar naira tun 2023 ta ci jarin da yawa daga cikin masu haɗa ambulan. A shekarar ce kuma hukumar birnin ta rushe shagunan UTC, abokan cinikinsu suka watse. Ga ciwon baya, ga yankan reza a yatsa, ga mai shago da zai karɓi kaya ya ce a dawo ƙarshen wata.