Direbobin Manyan Motoci A Amurka: Hutu Ya Samu, Wurin Ajiye Mota Ya Gagara

A ƙasar Amurka, fiye da kashi 70 cikin 100 na nauyin kayayyakin da ake sufurinsu a cikin gida manyan motoci ne ke ɗaukarsu. Abinci da magani da man fetur da kayan gini duk a bayan tirela suke isa kasuwa. Amma direban da ya yi mako biyu ko uku a kan hanya, idan ranar komawarsa gida ta zo, kafin ya yi tunanin ganin iyalinsa sai ya fara tunanin inda zai ajiye motar, domin galibin garuruwan da ke cin moriyar kayan da ya ɗauko ba su yarda ta kwana a titunansu ba.

Bisa al'adar kamfanonin sufuri na can, direban dogon zango yakan sami hutun kwana ɗaya a kan kowane mako guda da ya yi a waje. Dokar Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙayyade masa lokacin aiki. Ba zai yi tuƙi fiye da awa 11 ba sai ya huta awa 10, ba kuma zai wuce awa 70 na aiki cikin kwana 8 ba. Idan yana son lissafin makonsa ya koma sabo, sai ya huta awa 34 a jere. Tun watan Disamba na 2017 aka tilasta sanya wata na'ura a cikin motocin wadda ke rubuta waɗannan awoyi da kanta, saboda haka babu sauran damar gyara littafi da alƙalami. Yawancin direbobi sun fi so su yi wannan dogon hutu a gida. To, a nan ne matsalar take, domin kan mota da tirelarta sukan kai tsawon ƙafa 70, nauyinsu kuwa da kaya yakan kai laba 80,000, watau kimanin tan 36. Abu mai wannan girma ba ya shiga garejin gida.

Dokokin Gari

Kowane gari a Amurka yana da ikon kafa dokarsa game da ajiye motoci, kuma da yawa sun hana manyan motoci tsayawa a unguwannin zama. A birnin New York, alal misali, an hana motar kasuwanci kwana a titin unguwa daga ƙarfe 9 na dare zuwa ƙarfe 5 na asuba. Hukumar birnin Minneapolis kuwa a 2021 ta kafa dokar hana ajiye duk motar da ta wuce laba 26,000 a kan titunan birnin, in ba lodi ko sauke kaya take yi ba. Da yawa daga cikin waɗanda dokar ta shafa baƙi ne 'yan asalin Gabashin Afirka, musamman Somaliya, masu zama a gidajen haya, waɗanda ba su da ko taƙi ɗaya na fili.

Mazauna unguwanni su ma suna da hujjarsu. Tirela takan tare wa masu fitowa daga lungu ganin hanya, ƙarar injinta da hayaƙinta sukan hana barci, nauyinta kuma yana farfasa kwaltar da ba a yi ta domin irin wannan kaya ba. Har ila yau, ko da direba ya mallaki gidansa, a unguwanni da yawa akwai ƙungiyar masu gidaje wadda ke da ƙa'idojinta, kuma tana iya cin tararsa don ya ajiye motar aiki a ƙofar gidan da ya saya da guminsa.

Ƙarancin Wuri

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana direba ya bar motar a tashar manyan motoci? Amsa ita ce tashoshin ba su ishi ko waɗanda ke kan hanya ba. Binciken da Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya ta yi a 2019 ya nuna cewa wuraren ajiye manyan motoci a duk ƙasar kimanin 313,000 ne, kuma kashi 98 cikin 100 na direbobin da aka tambaya sun ce suna shan wahala kafin su sami amintaccen wuri. Ƙungiyoyin masu sufuri sun ƙiyasta cewa wuri ɗaya ne ga kowane direba 11. Wani bincike na 2016 ya gano cewa direba yakan yi asarar kusan minti 56 na lokacin tuƙinsa kowace rana, don yakan tsaya da wuri gudun kada dare ya yi bai sami wuri ba.

Mafi yawan waɗannan wurare na 'yan kasuwa ne, irin su Pilot da Love's, waɗanda ribarsu a sayar da mai da abinci take. Motar da aka kulle aka tafi gida kwana uku ba ta sayen komai, ta kuma tare wurin mai saye. Don haka ba kowane manaja ne yake yarda ba. Haka nan filayen manyan kantuna, inda a da ake kau da kai, da yawansu yanzu sun kafa allon hani. Wanda ya yi kasada ya bar motarsa, yana iya dawowa ya tarar janwe ta ja ta, kuɗin karɓo ta kuwa yakan kai dubban Daloli.

Hatsarin tsayawa a wurin da ba tsaro ba ƙarami ba ne. A watan Maris na 2009 wani direba mai suna Jason Rivenburg, ɗan Jihar New York, ya iso kusa da inda zai sauke kaya a Jihar South Carolina kafin lokacin da aka ba shi. Da bai sami wurin tsayawa ba, sai ya kwana a wani tsohon gidan mai da aka daina amfani da shi. A nan aka harbe shi aka ɗauke Dala 7 da ke jikinsa. Matarsa ta dage da kai kuka Majalisar Tarayya, har a 2012 aka kafa dokar da ake kira da sunansa, wadda ta wajabta wa Gwamnati binciken ƙarancin wuraren. Ita ce ta haifar da binciken 2019 da aka ambata a sama.

Dabarun Direbobi

Wanda gidansa ke kusa da harabar kamfaninsa ya huta, sai ya ajiye babbar mota ya shiga ƙaramarsa. Amma kamfani yana iya kasancewa a wata jiha mai nisan ɗaruruwan mil. Irin wannan direba yakan cire tirela ya bar ta a wani fili mai shinge, ya tafi gida da kan motar kaɗai, in dokar garinsu ta yarda. Wani yakan roƙi manomi, ko mai garejin gyara, ko mai masana'antar da yake yi wa dakon kaya. Wani kuma yakan kama hayar wuri wata-wata, ya biya ko da kwana huɗu kacal zai yi amfani da shi. A 'yan shekarun nan an ƙirƙiro manhajojin wayar hannu da ke haɗa masu filaye da direbobi, amma da kuɗi.

Ko an sami wurin, tsugune ba ta ƙare ba. Tsofaffin direbobi sukan gargaɗi sababbi da su karɓi izni a rubuce, su kuma sanar da kamfani inda motar take, domin idan aka yi sata a wurin da ba a amince da shi ba, laifin a kan direba yake faɗawa. Sukan sa wa tirela kwaɗo na musamman a mahaɗarta don kada wani kan mota ya zo ya ja ta. Sukan duba taurin ƙasa, saboda ƙafafun tirela mai kaya suna nutsewa a laka. A jihohin arewa kuwa, sanyin hunturu yana daskarar da man gas yana kashe batir, sai direba ya katse hutunsa ya je ya tayar da inji.

Wa Zai Ɗauki Nauyi?

A 2021 an gabatar wa Majalisar Wakilai shirin doka na ware Dala miliyan 755 don gina sababbin wurare, amma wa'adin majalisar ya ƙare ba a zartar da shi ba. A 2025 birnin New York ya fara gwajin ba manyan motoci izinin kwana, da biyan kuɗi, a wasu tituna na unguwannin masana'antu guda uku. Wannan ya nuna hukumomi sun fara gane cewa hani kaɗai ba ya ɓatar da mota, sai dai ya kora ta unguwar maƙwabta.

Mai kaya yana son kayansa su iso a kan lokaci, kamfani yana son motarsa cikin tsaro, hukumar gari tana son titunanta a share, kuma kowannensu ya sami biyan buƙatarsa. Direba kaɗai aka bari da biyan haya da tara daga aljihunsa, abin nan da ake cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Muddin masu tsara birane ba su ware filin manyan motoci ba a duk inda suka ba da iznin gina rumbunan ajiyar kaya, to, direba zai ci gaba da kashe ranar farko ta hutunsa yana zagaya gari da tan 36 a bayansa.