Hawan Jini: Yadda Ƙananan Asibitoci Ke Ɗaukar Nauyin Babban Ciwo

A ƙarshen shekarar 2020, lokacin da hankalin kowa ke kan annobar korona, aka fara wani shiri a jihohin Kano da Ogun ba tare da wata kururuwa ba. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Resolve to Save Lives suka zaɓi ƙananan asibitoci 104 a jihohin biyu, suka ce a nan za a riƙa auna hawan jini, a nan kuma za a riƙa ba da maganinsa. Ba sai dattijo ya yi sammako ya biya kuɗin mota zuwa babban asibitin birni ba. A farkon shekarar ma Jami'ar Abuja da Jami'ar Northwestern ta Amurka sun soma irin wannan aiki a asibitoci 60 na Babban Birnin Tarayya.

Dalilin wannan sauyi a fili yake. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa masu hawan jini sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Mafi yawansu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, inda likitoci ba su taka kara sun karya ba. In aka ce sai likita ne zai duba kowane mai hawan jini, to da yawa sai ɓarin jikinsu ya shanye ko ƙoda ta lalace kafin layi ya zo kansu.

Saboda haka aka taƙaita maganin a takarda guda, yadda ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya bi. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, kuma an sake aunawa an tabbatar, sai a fara da ƙwayar amlodipine. Idan mutum ya dawo jinin bai sauka ba, a haɗa masa da losartan. In ya ƙi, a ƙara ƙarfinsu, sannan a ƙara hydrochlorothiazide. Wanda ya gagari wannan duka, shi ake turawa wajen likita. Ba da ka aka zaɓi amlodipine ba: binciken da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, wanda aka buga a 2019 bayan gwaji a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ya gano cewa haɗin magani mai amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata.

Amma gano ciwon da rubuta magani su ne masu sauƙin. Wuyar aikin tana ga dawowar mara lafiya. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a warke, kuma galibi ba ya nuna alama. Mutum ya sha ƙwaya wata guda, ya ji garau, sai ya ce ai ya samu sauƙi, ya ajiye. Wani ya ce ciwon masu kuɗi ne, ko na masu yawan tunani, shi manomi me ya haɗa shi da shi? Wata kuma tana son dawowa, amma ranar ta faɗo ranar kasuwa, ko maigida bai ba da kuɗin mota ba. Ranar da aka kwantar da ita rabin jiki ba ya motsi, sai a fara zancen iska ko sammu, alhali ƙwayar da za ta tsare ta tana cikin mafi arahar magunguna.

Indiya, wadda ta fara nata shirin a 2017, ta ɗauki wannan matsala da muhimmanci. Ma'aikatan jinya suna shigar da awon kowane mara lafiya cikin wata manhajar waya mai suna Simple cikin daƙiƙu kaɗan, ita kuma tana fitar da sunayen waɗanda ranarsu ta wuce ba su zo ba, sai a kira su ɗaya bayan ɗaya. Ba a auna nasarar asibiti da yawan waɗanda aka yi wa rajista, sai da yawan waɗanda jininsu ya sauka ƙasa da 140 bisa 90. Wannan ma'auni shi ya kamata kowace hukumar lafiya ta jiha ta riƙa tambayar asibitocinta a kai.

Kiran waya kuwa ba ya amfani idan kantar magani babu komai. Wanda ya bar gonarsa ya zo aka ce masa magani ya ƙare, ya je kemis ya saya, da wuya a sake ganinsa. Shi ya sa lissafin magunguna tun kafin su ƙare, da asusun da ke juya kuɗinsu, da bai wa wanda jininsa ya daidaita maganin wata uku a lokaci guda, suke da nauyi daidai da na'urar awon kanta.

Saura tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya yawancinsa gishiri ne. Wannan bayani uwargida ya kamata ta ji shi, ko da maigida ne aka auna, domin ita ce mai riƙe da ludayin miya.