Idan soket ɗin kariya ya mutu a motar kwana: inda ake neman matsalar

A Amurka da Turai akwai motocin da aka shirya cikinsu kamar gida, da gado da madafa da makewayi, waɗanda Faransawa ke kira camping-car. Wata matsala da masu su ke kuka da ita ita ce soket da yawa su ɗauke wuta lokaci guda, alhali fitilu na ci.

Dalili shi ne wuta iri biyu ce a motar. Fitilu da famfon ruwa na aiki da batir mai bolt 12, su kuwa soket na ɗaukar bolt 120 a motocin Amurka, ko 230 a na Turai, daga wutar waje ko injin bada wuta ko inbata.

A motocin Amurka ana sa soket na kariya mai suna GFCI, galibi a makewayi ko madafa. Yana auna wutar da ta shiga da wadda ta dawo. Idan bambancin ya kai kamar miliamfiya 5, alamar wuta na zurarewa ke nan, wataƙila ta jikin mutum, sai ya katse nan take. Sauran soket da aka jona a bayansa, har da na waje, duk su mutu tare da shi.

Matakin farko, a cire duk kayan da ke jone, a danna maɓallin RESET. Idan ya ƙi zama, a duba ko wuta na shigowa motar, don na zamani ba ya tashi sai da wuta. Daga nan a je akwatin makatsan wuta, a kashe na wannan layi gaba ɗaya, sannan a kunna.

Idan ya tashi, a mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin. Sau da yawa ruwan sama ne ya shiga soket ɗin waje, ko ƙarfen ɗumama ruwa ya lalace, ko girgizar hanya ta sassauta waya.

Idan ya ƙi, aikin mai gyaran wuta ne. Zai katse duk hanyoyin wuta, ya cire wayoyin da ke fita zuwa sauran soket, ya sake gwadawa. In ya zauna, matsalar na gaba. In wuta na iso masa amma ya ƙi, shi ne ya mutu, sai canji.

Kada a maye gurbinsa da soket na gama-gari, domin rai yake karewa. Wanda kuma ya sayo irin wannan mota daga Amurka ya sani wutar NIGELEC bolt 220 ce: jona ta kai tsaye zai ƙone kayan motar.