Goge kwamfuta kafin kyautar da ita

Goge kwamfuta shi ne share duk bayanan da ke cikin faifan ajiyarta ta yadda ba za a iya dawo da su ba, sannan a sake ɗora mata babbar manhaja. Ana yin haka ne kafin a sayar da tsohuwar kwamfuta ko a bayar da ita kyauta.

Dalili

Idan aka share fayil, sunansa kawai ake cirewa daga jeri. Bayanan suna nan har sai an rubuta wasu a kansu. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2003, Simson Garfinkel da Abhi Shelat na jami'ar MIT a Amurka sun sayi tsofaffin faya-fayan ajiya 158, suka tarar da lambobin katin banki sama da 5,000 a ciki.

Yadda ake yi

Mai kwamfutar yakan fara kwafe abin da yake buƙata. Daga nan manhaja irin su DBAN takan rufe faifan gaba ɗaya da sabon rubutu. Faifan SSD kuwa da umarnin Secure Erase ake goge shi. A ƙarshe sai a ɗora Windows, ko Lubuntu idan kwamfutar ba ta da ƙarfi.