Katin Da Ke Magana A Madadin Mai Shi

Akwai ciwon hanji wanda magani ba ya iya masa, sai aikin likita. Wani lokaci likita yakan yanke inda ya lalace, ya fito da bakin hanjin ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a wata 'yar jaka. A ƙasarmu abin da yakan jawo haka shi ne taifot idan ya huda hanji, ko ciwon daji, ko a haifi jariri ba dubura.

Cikin 1952 wani likita a Birmingham ta Ingila, Bryan Brooke, ya kyautata hanyar ɗinke bakin hanjin. Cikin 1954 kuma Elise Sørensen, ma'aikaciyar jinya a Denmark, ta ƙago jaka mai manne wa fata saboda 'yar'uwarta. Amma duk wannan yana ƙarƙashin riga, wanda ya ga mutumin ba zai san halinsa ba. Don haka aka yi kati.

Katin iri biyu ne. Na farko domin ma'aikatan asibiti: an rubuta irin aikin da aka yi, da asibitin, da wanda za a kira. Idan an ɗinke dubura, yakan hana a sa magani ta nan. Idan kuwa ƙaramin hanji aka fito da shi, yakan nuna cewa mai shi yana saurin rasa ruwa da gishirin jiki, watau amai ko zawo na kwana ɗaya yana iya taɓa ƙodarsa. Ran da ya suma a hanya, katin ne bakinsa.

Na biyu domin jama'a ne. A Ingila ƙungiyoyin masu wannan lalura suna ba da kati mai roƙon a bar mutum ya shiga makewayi nan take, ba tare da dogon bayani ba.

To, malamai da akawuna, ga namu aikin. Yaron da ya nuna irin wannan kati a aji, a sallame shi ba tambaya, kada a tona shi gaban 'yan'uwansa, domin kunya takan raba yaro da makaranta. Wanda ba shi da kati kuwa, a shawarci iyayensa su roƙi likita ya rubuta masa takarda, a riƙa sa ta a aljihu kullum.