Ba bindiga ba ce: abin da ke sa akori-kura "harbi" a hanya

Duk uwar da ke zaune a Batsari ko Safana ta san yadda gaba ke faɗuwa idan aka ji "tau!" daga bakin titi. A yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, inda aka sha wuyar 'yan bindiga, ba a tsayawa tambaya; goyo ake saɓawa a ruga. Sai ƙura ta lafa a gane ashe tsohuwar akori-kura ce ta buga ta salansa.

Waɗannan motoci, irin su Fijo 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, har yanzu suna cikin masu kwaso rogo da gero daga Ruma, Wagini da Runka zuwa kasuwa. Wani lokaci ma su ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Don haka lafiyarsu ta shafe ki, uwargida, ko maigida ne ke tuƙi ko ke fasinja ce.

Injin fetur yana aiki ne idan fulogi ya ba da tartsatsi daidai lokacin da fistin ya matse fetur da iska. Wannan daidaito shi makanikai ke kira taimin, kuma a tsofaffin motoci distiributa ce ke raba wutar. Kamar tuya ce: a jefa ƙosai kafin mai ya yi zafi ya sha mai, a makara ya ƙone.

Idan wuta ta makara, fetur ba ya gama ƙonewa a cikin inji, sai ragowar ta kama a salansa ta fashe. Motar za ta rasa ƙarfi a hawa, ta yi zafi, ta riƙa shan mai fiye da ƙima. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan asara daga kuɗin cefane take fita. Idan kuwa wuta ta yi gaggawa, inji zai riƙa ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma yakan turje wajen tayarwa.

Bugun da ya fito ta gaba, wato ta kafireta, ya fi haɗari, domin harshen wuta ne ke fitowa kusa da fetur. Yakan faru idan mai ya yi ƙaranci a cakuɗin, ko an sarƙe wayoyin fulogi. A injin 504 mai silinda huɗu, jerin wutar 1-3-4-2 ne. Waya ɗaya ta sauya gurbi, sai mota ta fara tari.

Kafin a kashe kuɗi a kwance inji, a fara da masu sauƙi: fulogi da wayoyinsa, murfin distiributa ko ya tsage ko damina ta jiƙa shi, kwantak ko ya cinye, sai salansa ko ta huje. Bayan nan makanike ya saita taimin da fitilar gwaji, ba da kunne kaɗai ba. A kuma kula da man da ake saye a galan, don gurɓatacce yakan kawo irin wannan matsala.

Ke kuma, idan za ki hau da yara, kada ki zauna kusa da jarkar fetur. Ki nisanta su daga inda hayaƙi ke shigowa, domin hayaƙin salansa guba ne mai sa ciwon kai da jiri, har da suma. In kin ji warin fetur tare da bugu daga gaba, ki ce direba ya tsaya, ku sauka. Idan motar gidanku ce, ki lallaɓa maigida ya kai ta gareji da rana tsaka, kafin daren da za a buƙace ta. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba yankinmu zaman lafiya.